Inuwa, Rariya da Ƙofar Gida: Yadda Gyaran Kewaye Ke Taɓa Farashin Gida

Darasin da na kawo mana a wannan fitowa ya shafi abin da ke kewaye da ginin gida: itatuwa, da hanyar ruwa, da daɓen tsakar gida, da yanayin ƙofar gida, da yadda waɗannan suke ƙara wa gida kuɗi ko su rage masa ranar da aka tashi sayarwa. Na ɗauko misalaina daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda can na fi sani, kuma can ne maganar sayar da gida ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan.

Yawancin littattafan da muke karantawa a kan wannan fanni a Ingila da Amurka aka rubuta su. Da ka buɗe sai ka ga hoton koriyar ciyawa an aske ta ƙwal, ga furanni jere a bakin hanya. Sai ɗalibi ya ce, to ni ina ruwana da wannan, garinmu ruwan sha ma sai an saya a wurin 'yan garuwa? Gaskiyarsa, ciyawar ado ba tamu ba ce. Amma tambayar da ke ƙarƙashin hoton tamu ce: me mai saye yake gani kafin ya shiga ɗaki, kuma nawa yake ƙarawa ko yake ragewa saboda abin da ya gani?

Kuɗin gida kashi uku ne

Idan aka ce a yi wa gida kuɗi, abu uku ake dubawa. Na farko wurin da yake: unguwa, hanya, kusanci da kasuwa da masallaci da makaranta, da kwanciyar hankalin wurin. Na biyu ginin kansa: yawan ɗakuna, bulo ne ko ƙasa, kwano ne ko soro, shekarunsa nawa. Na uku kewayensa, wato duk abin da ke cikin fulotin wanda ba ɗaki ba, har da ƙofar gida.

A yankinmu kashi na farko ne ya danne sauran, kuma kowa ya san dalili. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, kuma ukun nan duk suna ciki. Ku lura, hanya da kasuwa da waya su ne dai abubuwan da ke ba wa wuri daraja. Mutanen ƙauyuka suka yi ta shigowa cikin gari, masu hali na cikin gari kuma wasu suka yi gaba zuwa Funtuwa, Malumfashi, Katsina ko Zariya.

Don haka kada wani ya fita daga wannan darasi yana cewa mangwaro zai sayar da gidan da ke bakin daji. Ba zai yi ba. Tsaro da wuri su ke yanka iyakar farashi. Aikin kewaye yana farawa ne a cikin wannan iyaka: gida biyu a layi ɗaya, gini iri ɗaya, wanne za a fara taya wa, kuma wanne mai saye zai sami bakin ragi a kansa? A kasuwar da masu sayarwa suka fi masu saye yawa, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Wani lokaci shi ne tsakanin a sallama a wata guda da gida ya shekara a hannun dillalai.

Akwai kuma wani abu da ya raba kashi na biyu da na uku. Gini tun daga ranar da aka gama shi yake fara tsufa: kwano na tsatsa, fenti na koɗewa, gara na neman katako. Itace kuwa kullum ƙara daraja yake. Dashen da ka saya da kuɗin da bai kai na buhun siminti ba, bayan shekara goma ya zama abin da ba a iya saya da kuɗi a rana ɗaya. Mai saye zai iya sake fenti a mako guda, amma inuwa sai ya jira ta.

Abin da masu bincike suka gano a waje

A ƙasashen da ake rubuta kowane cinikin gida a ajiye, an auna wannan abu da alƙaluma. A shekarar 1988 wasu masu bincike biyu, Anderson da Cordell, suka wallafa nazarin da suka yi a kan gidajen da aka sayar a garin Atens na jihar Jojiya a Amurka. Sun gano gidajen da ke da itatuwa a gabansu sun fi takwarorinsu kuɗi da kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin 100. A 2010 kuma Donovan da Butry suka yi irin wannan a birnin Fotland, suka gano itatuwan bakin titi suna ƙara wa gida kimanin dala 8,870, kuma gidan kan riga sauran fita daga kasuwa da kusan kwana biyu.

Kada a kwafi waɗannan alƙaluma a liƙa wa Sabuwa. Abin ɗauka shi ne hanyar da suka bi, da kuma girman abin: ƙari ne na 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, ba ninki ba. Duk dillalin da ya ce maka itatuwa sun ninka kuɗin gida, la'adarsa yake nema.

Ruwa ne farko

Kafin a yi maganar itace, a fara da ruwa, don shi ne ke kayar da gidaje a yankinmu. Kudancin Katsina na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma yawancinsa a watanni huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Ga lissafi mai sauƙi: milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100 yana zubo lita 100,000 a damina guda. Duro 500 ke nan na mai lita 200. Duk wannan ruwa a gindin bango yake sauka, ko daga bakin kwano ko daga indararo.

Idan ƙasar tsakar gida ta gangaro wajen ɗaki, ruwan zai kwanta a gindin bangon. Ginin ƙasa sai ya jiƙa daga ƙasa, ya fara zaizayewa, ranar wata marka ta Agusta a wayi gari katanga ta kwanta. Ginin bulo ba ya faɗuwa da wuri, amma sanyi na hawa jikinsa, filasta ta kumbura ta ɓare, wani farin gishiri ya fito. Mai saye mai wayo da magini yake zuwa, kuma magini ba fenti yake kallo ba, gindin bango yake fara dubawa. Da ya ga alamar layin ruwa, to an sami abin ragi, kuma ragin kan fi kuɗin gyaran da aka ƙi yi.

Gyaran kuwa ba tsada gare shi ba. A cika gindin gini da jar ƙasa ko burji a daddaɓe, ƙasa ta gangara tana barin bango, kimanin santimita 15 a mita ukun farko. A yi ɗan dakalin siminti kewaye da gini inda ruwan kwano ke ɗiga. A tabbatar rariya a buɗe take kuma ta fi tsakar gida ƙasa, sannan ruwan ya bi kwata zuwa lambatu, ba zuwa katangar maƙwabci ba. A garuruwan da ke gindin duwatsu irin Faskari, ruwa da gudu yake saukowa, don haka sai an duba ta ina ruwan unguwa gaba ɗaya yake bi, ba na gida kaɗai ba. Gidan da ke kan hanyar ruwa, komai kyan ƙofarsa, wanda ya san garin zai rage masa kuɗi.

Wani kuskure da ya zama yayi shi ne a malale tsakar gida duka da siminti ko intalok. Da gani akwai tsabta, amma a watan Maris da Afrilu daɓen kan ɗauki zafin rana ya riƙe har dare, ga shi ruwa ba ya samun inda zai nutse sai ya fita waje gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne a daɓe inda ake bi da inda ake girki da wanki, a bar wani sashe da ƙasa ko tsakuwa, musamman kewayen itace.

Wane itace, kuma a ina

Kakanninmu ba su yi wasa da itace ba. Ku dubi sunayen garuruwa: Gamji a Sabuwa, Kukasheka a Ƙanƙara. Sai dai itacen da ya dace da dandali ba lallai ya dace da fuloti mai ƙafa 50 a 50 ba. Ga yadda mai saye ke kallon waɗanda muka saba da su.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi ko maina, asalinta daga yankin Indiya ne, kuma ta Borno ta fara yaɗuwa a ƙasar nan wajajen 1928. Tana girma da sauri, tana jure rani, inuwarta na nan a lokacin da aka fi buƙata. Wurinta ƙofar gida. Ƙofar da ke da darbejiya da dakali ita ce ke zama majalisa, nan ake taron suna da zaman makoki, nan mai shayi ko mai kayan miya zai nemi ya kafa tebur. Wannan amfani ne da magidanci ya san darajarsa.

Mangwaro shi ne sarkin tsakar gida idan akwai fili. Inuwarsa duhu gare ta, kuma yana nuna a bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara sauka. Mai aure kan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa yakan kai biyar ko fiye. Aibinsa biyu: ganyensa na toshe rariya, kuma idan reshensa ya leƙa waje, kwanon gidan zai sha jifan yara.

Ga ƙaramin fuloti, zogale da gwanda da gwaiba da lemun tsami sun fi. Saiwarsu ba ta da ƙarfin fasa gini, kuma uwargida na ganin amfaninsu a tukunya da aljihu. Kada ku raina wannan. Sau da yawa maigida ne ke ciniki, amma wadda za ta wuni a tsakar gidan ita ce ke cewa ya yi ko bai yi ba. Abin da take dubawa shi ne inda za ta girka murhu, inda za ta yi shanya, da inda yara za su zauna da rana tsaka.

Akwai waɗanda ya kamata a nisanta da gini. Cediya da durumi da gamji saiwarsu farautar ruwa take, tana shiga sokawe da rijiya, tana ɗaga daɓe. Turare dogo ne, yana shan ruwa da yawa, kuma iskar farkon damina na karya rassansa. Wurinsa iyakar gona, inda za a sare shi a yi amfani da sandunan. Ƙa'idar da magina ke bi a ƙasa mai laka ita ce tazarar babban itace da gini ta kai tsawon da itacen zai yi idan ya gama girma. A cikin gari ba kullum ake samun wannan fili ba, shi ya sa zaɓen iri ya fi komai.

Ga wani abu kuma da ba za ku gani a littafin Turawa ba. Akwai mutanen da ba za su sayi gida mai tsohuwar kuka ko tsamiya a ciki ba, saboda abin da aka taso ana ji cewa mazaunin iskoki ne. Kai ɗan boko kana iya cewa camfi ne. To amma mai yi wa gida kuɗi ba ra'ayinsa yake aunawa ba, abin da masu saye za su biya yake aunawa. Idan cikin masu taya biyar biyu sun janye saboda tsamiya, tsamiyar ta taɓa farashi, ko da kuwa 'ya'yanta na kawo kuɗi duk shekara.

Game da gefen da za a dasa, yamma ta fi. Ranar la'asar ita ce ke dukan bango ta mai da ɗaki tanda har tsakar dare. Itace ɗaya a yammacin ɗakin kwana ya fi uku a gabas. A garin da wutar lantarki sai an ga dama, wanda ya shiga ɗaki da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ya ji sanyi, ba sai dillali ya yi masa dogon bayani ba.

Inda gyara ke zama ragi

Halin da muke ciki ya sauya yadda ake kallon itace. Reshen da ya jingina da katanga tsani ne. Duhuwar da ke bayan gida maɓoya ce, ta mutum da ta maciji. Mai saye na yau yana so in ya tsaya a ƙofa ya hango layi daga farko har ƙarshe. Don haka a riƙa sassabe rassan ƙasa har su wuce tsawon mutum, a raba reshe da katanga, a nisanta shi da wayar lantarki.

Sai haƙƙin maƙwabci. Itacen da in an hau shi ana hango tsakar gidan wani, ko wanda ganyensa ke zuba a rijiyar maƙwabta, rigima ce ke jiran rana. Mai saye yakan yi tambaya a unguwa kafin ya biya, kuma ba wanda ke son ya sayi gida haɗe da shari'a.

Na ƙarshe shi ne kashe kuɗi fiye da abin da unguwa za ta iya biya. Wannan ƙa'ida ce da ke fitowa a jarrabawa, ku riƙe ta: abin da aka kashe daban, daraja daban. In ka zuba naira miliyan ɗaya a intalok da fitilu da furannin da sai an ba su ruwa safe da yamma, a unguwar da masu sayenta manoma ne da ƙananan ma'aikata, ba za ka ga miliyan ɗin a farashi ba. Wani ma kallon wahala zai yi wa furannin. Gyaran da ke dawo da kuɗinsa shi ne wanda ke rage wa mai gida na gaba ɗawainiya.

Yadda ake fitar da lissafin

A hukumance, masu ƙiyasin gidaje da filaye da suka yi rajista da hukumarsu, wadda aka kafa da doka a 1975, su ne banki da kotu ke karɓar rahotonsu. A garuruwanmu kuwa yawancin ciniki da rabon gado dillali da magini da mai unguwa ne ke yi wa gida kuɗi. Ido ba mudu ba, ya san kima, kuma sau da yawa suna dacewa. Abin da karatu ya ƙara mana shi ne mu iya nuna yadda muka kai ga adadin.

Hanyar da ta fi dacewa a nan ita ce ta kwatanci. A nemo gida biyu da aka sayar a lokaci kusan ɗaya, a unguwa ɗaya, masu kama da juna, sai a cire bambance-bambancen da aka san kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne kuɗin abin da ake nema.

Ga misali, kuma alƙaluman na koyo ne kawai. A ɗauka gida na farko an sayar da shi naira 6,000,000. Yana da ɗaki huɗu, rijiya, mangwaro biyu, darbejiya a ƙofa, ga kwata an gyara. Gida na biyu a layin, shi ma ɗaki huɗu, fili ɗaya, shekarun gini ɗaya, an sayar da shi naira 5,400,000. Ba shi da rijiya, ba itace, ruwa na kwanciya a tsakar gidan. Bambancinsu naira 600,000. A ɗauka haƙa rijiya da ɗaure ta zai ci naira 250,000. Sai mu ƙara wa gida na biyu wannan, ya zama 5,650,000. Saura 350,000, wato kimanin kashi 6 cikin 100. Wannan shi ne abin da kasuwa ta biya saboda inuwa da hanyar ruwa.

Amma a yi hattara da abu uku. Ɗaya, gida biyu ba su isa hujja ba, sai an tara da yawa an ga ko amsar na maimaituwa. Biyu, lokaci: cinikin bara da na bana ba ɗaya ba ne, saboda kuɗin siminti da kwano sun motsa, kuma hari ɗaya a kusa da gari kan sauya farashi a mako guda. Uku, dalilin sayarwa. Wanda ya sayar don ya haɗa kuɗin fansar ɗan uwansa, ko don ya tashi cikin gaggawa, bai sayar a farashin kasuwa ba. Ma'anar darajar kasuwa da muka haddace ta ce mai sayarwa da mai saye kowa da yardarsa, ba tilas a kan kowa. Irin wancan ciniki ba a kafa kwatanci da shi, in kuwa aka yi, za a zalunci duk wanda za a yi wa gidansa kuɗi bayan nan.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, kamar faɗaɗa titi, diyyar da take biya ta abin da mutum ya raya a kan filin ce. Cikin abubuwan da dokar ta lissafa akwai gini, da shukar itatuwa masu daɗewa, da shinge, da rijiya. Ke nan mai fuloti fayau ba abin da za a ƙirga masa sosai, mai itatuwa masu amfani kuwa za a ƙirga su. Duk wanda ke da fili bai sami halin gini ba, ya dasa wani abu a gefensa, ya kewaye shi saboda awaki.

A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, in an sayar da fili, gini da itatuwan da ke cikinsa sun shiga cinikin. 'Ya'yan da suka riga suka ƙullu a kan itacen kuwa na mai sayarwa ne, sai in mai saye ya sa sharaɗi. Don kauce wa jayayya, a rubuta a takardar ciniki, gaban mai unguwa da shaidu: itace kaza, iri kaza, sun shiga. Musamman wanda ke ƙofar gida ko kan iyaka, don shi ne aka fi yin gardama a kansa. Haka nan a rabon gado, a sa itatuwa cikin ƙiyasi tun farko, kada wanda sashensa ya faɗo da mangwaro ya zama abin hararar 'yan uwa.

Gidan da aka rufe aka tafi

Da yawa daga cikinmu a makarantar nan muna da gida a can wanda aka sa wa kwaɗo. Wasu iyayen na jiran lafiya ta samu su koma, wasu na jiran mai saye. Ko wanne ne, damina biyu ta isa ta mai da gida kango in ba a kula ba. Ciyawa ta rufe tsakar gida, ganye ya toshe rariya, ruwa ya kwanta, gara ta samu sanyin da take so, tsuntsaye su yar da irin cediya a tsagar katanga ya tsiro ya buɗa ta. Mai saye in ya leƙa ya ga haka, abu biyu yake karantawa: gidan na buƙatar gyara, kuma masu shi sun matsu. Duka biyun ragi ne.

Inda ake iya zuwa lafiya, abin yi kaɗan ne. A buɗe rariya da kwata kafin ruwan farko, wajajen watan Mayu. A nome ciyawa sau biyu a damina. A sare reshen da ya hau kan kwano. Abin da ya fi duka shi ne a ba wani amintacce ya zauna ko da kyauta ne, don gidan da ake shara ba ya mutuwa, ga masu neman wurin zama sun yi yawa a cikin gari. Inda kuwa hanya ba ta da kyau, kada wanda ya jefa kansa cikin haɗari saboda ciyawa. Rai ya fi dukiya.

Sai jarabar sare itace. Itacen girki ya yi tsada, kuma in an matsu, tsohon mangwaro na iya zama kuɗin cefanen 'yan makonni. Kafin a kira mai gatari, a yi lissafi: kuɗin itacen sau ɗaya za a karɓa, kututturen kuwa shi mai saye zai tarar, kuma shekara goma ba ta dawo da abin da aka sare. In dole ne, a rage rassa a bar uwar.

Yanzu kuma yawancin masu saye a waya suke fara ganin gida, dillali ya tura hoto ta WhatsApp zuwa Funtuwa ko Katsina. Hoton farko na ƙofar gida ne. A share, a kwashe bola, a ɗauka da safe lokacin da inuwa ta faɗo. Wannan aiki ne da mu ɗalibai za mu iya yi wa iyayenmu ba tare da kashe ko kwabo ba.

Aikin hutu

Ga abin da nake roƙon duk wanda zai je gida hutun nan, ko wane sashe yake karatu. Ka zaɓi gida biyar a unguwarku da aka sayar cikin shekara ɗaya. Ka tambayi dillali ko mai unguwa cikin ladabi nawa aka sallama, wata nawa gidan ya yi a kasuwa, kuma lafiya aka sayar ko matsuwa ce. Ka rubuta yawan ɗakuna, irin gini, itace nawa ne kuma wane iri, da inda ruwa ke bi. Kada ka rubuta sunan kowa. In mutum ashirin suka yi haka, mun sami gida ɗari, kuma wanda ke neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kai ya samu. Alƙaluman Atens da Fotland ma haka aka fara tara su, gida bayan gida.

Wanda kuma gidansu ke da ɗan fili a yamma da ɗaki, ya nemi dashe ɗaya idan ruwa ya zauna a watan Yuli, ya haƙa rami mai zurfin gwiwa, ya zuba taki, ya kewaye shi da ƙaya. Tun ran gini ran zane.

Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.